Wasiƙa Zuwa ga Masu Hawan Keke a Duwatsun Shere

'Yan'uwa,

Abin da nake gani duk Asabar da sassafe, idan mun taru ta wajen Lamingo kafin mu nausa cikin duwatsu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kullum ƙaruwa muke yi, kekunanmu ma sai ƙara kyau suke, masu shokazoba da birkin faifai. Amma hirar duka ta hawa ce: wa ya riga wa kaiwa sama, wa ya haye bai sauke ƙafa ba. Ban cika jin mai zancen gangara ba, alhali duk wanda na taɓa gani an goyo shi a babur zuwa asibiti, a gangara ya faɗi.

Hawan ba zan daɗe a kansa ba. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800, shi ya sa baƙon da ya zo daga Kano ko Lafiya yake fara haki tun ba a je ko'ina ba. Ku sauya giya tun tudun bai kama ku ba, don wanda ya bari sai yana danna feda da dukkan ƙarfinsa sannan ya sauya, sarƙarsa yake nema ya tsinka. A kan tsakuwa ku zauna a sirdi. Da kun miƙe, nauyi ya bar tayar baya, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Kuma ku tuna zagaye muka fito yi: wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a tudun farko, da hannu mai rawa zai riƙe birki a gangaren ƙarshe.

To, gangara. A nan nake roƙon ku saurare ni da kyau, domin na biya kuɗin wannan karatu da ƙashin kafaɗata. Wata rana da hunturu, ina saukowa ta wata siririyar hanya mai burji, sai ga wani dutse kamar tukunya a tsakiyar hanya. Na zuba masa ido. Keke kuwa inda idonka ya tsaya nan yake zuwa. Na damƙe birkin gaba gaba ɗaya, tayar ta kafe, na wuntsila ta saman kan keken. Ina kwance ina jin tayar baya tana ta juyawa a sama, ƙura cike da bakina. Wata biyu ban iya ɗaga hannu na sa riga da kaina ba.

Kada wannan ya sa ku tsani birkin gaba. Shi ne mai ƙarfin tsayar da keke, na baya taimako yake yi. Laifin na damƙar ne. Matsa shi ake yi a hankali, kamar mai tatsar saniya, da yatsa ɗaya ko biyu, sauran yatsun suna riƙe da kan keke. Rage gudu tun kafin kwana, a inda hanya take miƙe; cikin kwanar kuma ka sassauta, ka bar taya ta yi aikinta. Sauke sirdi ƙasa, tashi tsaye a kan feda biyu a daidaice, dunduniya ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a sake, ƙugu ya ɗan ja baya. Ido kuma can gaba, a kan ratar da kake son bi. A doguwar gangara kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, faifan zai yi zafi ya daina kamawa a daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Matsa, saki, matsa. Kuma wurin da ka tsaya ka duba zuciyarka ta ƙi, sauka ka tura. Ni har gobe akwai wurare biyu da nake turawa, kuma haka zan ci gaba.

Ƙasar nan tana da halinta. Falalen dutse idan ya bushe yana riƙe taya sosai, amma a watan Agusta, da ruwa da gansakuka, ya zama sabulu. Rage iskar taya kaɗan, kada ka cika ta tam kamar ta titi. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, don haka a goge sarƙa kafin a ƙara mai. Shingen kyarana da manoma suke kewaye gonaki da shi, ruwansa fari ne mai ƙuna, kada hannun da ya taɓa shi ya kusanci ido. Idan kuma zagayen ya biya da ku ta Rayfield ko Bukuru, ku nisanci bakin tafkunan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Gefensu yana zaftarewa, kuma suna da zurfi ƙwarai.

Hular kwano ba zan yi jayayya da kowa a kanta ba, wanda bai sa ba kada ya biyo mu. A jaka a samu famfo, faci da sholisho, tub na ajiya, ƙaramin makulli, ruwan da ya fi wanda kake tsammani, da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli.

Saura abin da ya fi damuna. Hanyoyin nan ba mu muka fitar da su ba. Sawun manoma ne, da mata masu ɗauko itace, da makiyaya da shanunsu. Na ga yaro ya keto tsakiyar gonar acca don ya rage nisa, na ga wani ya watsa garke da ihu. A ƙasar da ta sha fama da rikici kamar Filato, irin wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda zai biyo bayanka shi zai girbi fushin. Ka ga tsohuwa da kaya a ka, tsaya tun daga nesa, ka ce sannu Mama, ta wuce. Ka ga shanu, sauka ka jira makiyayi ya ba ka hanya. Ka shiga ƙauye, rage gudu, ka gaida dattawan da ke zaune. Su ne za su gaya maka ko rafin gaba ya kawo ruwa.

Kada kowa ya fita shi kaɗai, a bar wa na gida labarin hanyar da za a bi, a kuma juyo tun la'asar da sauran rana. Asabar mai zuwa zan kasance a can baya tare da sababbin zuwa. Duk mai son mu gwada birki a ɗan gangaren farko kafin a shiga duwatsu, ya iso da rabin awa kafin lokaci.

Naku,
Ɗan'uwanku a kan dokin ƙarfe