Ɗan Zongo a Bencin Baya

Jama'ar Baguida, iyaye maza da mata, kafin masu rabon shinkafa da riguna su iso ƙofar gida, ku leƙa ajin da 'ya'yanku suke wuni.

Tun 2008 gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare, kuma har yau UNIR na tutiya da wannan. Madalla, yara sun shigo. Amma ina aka zuba su? Benci mai nauyi haɗe da tebur, yara uku ko huɗu a kai, duk an jera su suna kallon allo ɗaya. Malam ba ya samun hanyar ratsawa zuwa baya. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, ya zo ya tarar da Faransanci tun ranar farko, shi ke laɓewa a can, yana kwafar abin da bai gane ba. Ranar da ya faɗi CEPD sai a ce ba shi da kai.

Mu 'yan Zongo mun san wani tsarin. A makarantar allo yara kewaye malam suke yi, kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Wanda ya yi nisa yana biya wa na baya, malam kuma ba ya ƙara wa yaro sai ya iya na jiya. Masana ilimi a Turai yanzu suna rubuta littattafai kan irin wannan zama, mu kuwa a kan tabarma muka gada.

Abin da 'yan takararmu za su kai majalisar Golfe 6 ba ya bukatar bashi daga waje. Duk ajin da za a gyara, a sa ƙananan tebura da kujeru marasa nauyi, waɗanda yara za su iya ja su zauna rukuni-rukuni, kuma kafintocin unguwa za a ba aikin. A shafa allo a bangon gefe da na baya. A buɗe tagogi, domin aji mai rufin kwano da rana tsaka tanda ne. A ɗaga daɓe, tunda kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a Baguida da damina. A kafa rumfa a tsakar makaranta inda malam zai ware masu rauni a karatu.

Sauya benci ba zai rage yawan yara ba. Ana bukatar ƙarin azuzuwa da malamai masu albashi, ba waɗanda iyaye ke yi wa karo-karo ba. Wannan nauyin gwamnati ne, kuma gida ɗaya ke riƙe da ita tun 1967. Daga 1987 sai 2019 aka sake ba mu damar zaɓen kansiloli.

Duk ɗan takarar da ya yi muku sallama, har da namu, ku tambaye shi aji nawa ya shiga a bana. Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku taho da maƙwabta.