Kaza Ta Kwana Kan Dami

Jama'a, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin 'yan'uwana ɗalibai a nan Sakkwato, wadda na ga bai kamata a ƙyale ta ba. Wai gwanin zane shi ne wanda ya zana mutum sak, har a ce ga hancin wane ga gemunsa. Shi kuwa mai zana layuka da kusurwoyi da da'ira, wai kasawa ce ta sa shi fakewa da shirmen Turawa. To, ni na ce rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa.

Mu tambayi masu wannan ra'ayi, aska takwas da ke ƙirjin babbar rigar mahaifinku, hoton wa ce? Tambari da gidan biyar fa? Dagin da ke goshin soraye, da zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da adon da dukawanmu ke yi a fatar jar akuyar Sakkwato, wanne ne ya yi kama da mutum? Babu ko ɗaya. Duk lissafi ne na layi da launi da daidaito, kuma wanda ya kuskure kusurwa ɗaya, ko tsohuwa sai ta gane.

Su Turawan da ake jingina wa abin, jiya-jiya suka shigo shi. Sai a 1915 Malevich na Rasha ya baje zanensa na baƙin murabba'i a kan farin fili, duniyarsu ta ɗauka da surutu, alhali tun ƙarni na 19 Babban Gwani ya ƙawata masallacin Juma'a na Zariya da irin wannan ado.

Haka kuma a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don haɗa abin da aka koya musu da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, ya yi suna da shi. Mu fa, masu dami a ƙarƙashinmu?

Kada a fahimce ni baibai. Zanen kamanni fasaha ce, amma kyamarar waya ta riga ta karɓe rabin aikinsa. Kuma ina da faɗa da wanda zai manna dagi a kyalle don ya sayar wa baƙo, bai san sunan zane ko ɗaya ba. Wannan ma raini ne.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu, yadda muke bin tsofaffi muna tattara karin magana, mu bi maɗinka da magina da dukawa mu rubuta sunan kowane zane da yadda ake fitar da shi, tun masu shi suna raye. Allah ya sa mu gane, amin.