Rashin SSN Ba Ya Hana Baƙo Katin Bashi a Amurka

Baƙon da ya sauka a Bronx ko Harlem, tun bai huce gajiyar tafiya ba za a gaya masa cewa wanda ba shi da lambar SSN ya cire rai da katin bashi. A shagon aski ana faɗa, a ƙofar masallaci bayan Juma'a ana maimaitawa. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma tana jefa mutane cikin halaka.

Ita wannan lamba an fara raba ta ne a 1936 domin lissafin albashin ma'aikata saboda kuɗin tsufa. Daga 1946 zuwa 1972 har rubutawa ake yi a jikin katin cewa ba na shaidar mutum ba ne. Daga baya ne aka mayar da ita makulli.

Doka kuwa a fili take. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka kafa dokar Patriot, ƙa'idar da ta biyo baya a 2003 ta wajabta wa banki karɓar abu huɗu: suna, ranar haihuwa, adireshi da lambar shaida. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, lambar fasfo da sunan ƙasar da ta ba shi sun wadatar. Akwai kuma ITIN, lambar haraji mai alƙaluma 9 da hukumar IRS ke bayarwa tun 1996 ga wanda ya cike fom W-7. Tun a 2007 Bank of America ya ba marasa SSN katin bashi a Los Angeles, aka yi ta ce-ce-ku-ce, amma dokar ba ta hana ba. Bankin da ya ƙi, ra'ayinsa ya bi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne kati babu shaida ko ɗaya.

Hanyar ma ba ta da nisa. Mai ITIN ya ajiye dala 200 jingina, a ba shi kati na daidai wannan kuɗi. Ya sayi shinkafa da man gyaɗa da shi, ya biya duka kafin wa'adi, ko sisi na kuɗin ruwa ba zai hau kansa ba. Bayan wata shida yana iya samun makin FICO, ma'aunin amincin biyan bashi, wanda masu gidan haya da dillalan mota ke dubawa.

Masu kare al'adar tilasta SSN suna cewa ita ce ke tsare banki daga 'yan damfara. To, a 2017 ɓarayin intanet suka kutsa kamfanin Equifax mai tattara tarihin bashin jama'a, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita, har da lambobin nasu. Makullin da ya shiga hannun ɓarayi wane tsaro ya rage masa?

Babbar illar ita ce wanda aka yanke wa ƙauna yakan faɗa hannun masu sayar da lambar da suke kira CPN. Sau da yawa SSN ce ta yara ko tsofaffi da aka sato, kuma rubuta ta a takardar neman bashi laifi ne da kan kai mutum kurkuku, ya kuma ɓata masa takardun zama.

Shugabannin al'umma da limamai su daina barin wannan jita-jita tana yawo. Su nuna wa sabon zuwa fom W-7, su raka shi bankin da ke karɓar ITIN ko fasfo.