Wasiƙar Da Ta Kira Mai Ɓoye Hatsi Makashin Talakawa

A Turai ta ƙarni na 14 da na 15, akwai wata gajeriyar wasiƙa cikin harshen Latin da aka yi ta kwafa da hannu, aka kuma fassara ta zuwa Faransanci da Jamusanci. An jingina ta ga Bernard na Clairvaux, shugaban wani gidan sufayen Kirista a Faransa, wanda ya rasu a 1153, kodayake masana sun nuna ba shi ya rubuta ta ba. Wanda aka rubuta wa wani barde ne mai suna Raymond, batunta kuwa riƙon gida.

Abin da ya sa aka yarda sufi, wanda ba mata ba ɗa, ya koyar da magidanci ba ɓoyayye ba ne. Tun ƙarni na 6, dokokin Benedict na Monte Cassino a Italiya suka ware babi na 31 kacokan ga ma'ajin gidan sufaye, aka ɗora masa kula da marasa lafiya da yara da baƙi da matalauta. Mutanen nan sun san rumbu, sun san lissafi.

Wasiƙar ta gargaɗi maigida kan kashe duk abin da ya samu, ta soki bikin aure na almubazzaranci, ta nemi a rubuta wasiyya tun da sauran lafiya. Har dabbobi ta tuna da su, tunda ba su da bakin roƙon abinci.

Amma inda ta fi ƙarfi shi ne maganar hatsi. Ba ta hana manomi cin riba ba. Ta yarda ya jira kaya su yi daraja. Abin da ta la'anta shi ne mai rumbu ya zauna yana fatan tsada, har ta ɗauke shi a matsayin mai neman ran talakawa. Ta so a yi wa maƙwabci rangwame, ko da abokin gaba ne. Duk wanda ya ga yadda ake saye gero da masara da kaka a kulle, a fito da su tsakiyar damina lokacin da mudu ya gagari mai iyali, ya san wannan hukunci bai yi tsauri ba.

Sashen da ya shafi mata ne abin takaici. Zargi ya mamaye shi, alhali matan ne ke sarrafa hatsin da ake ta lissafi a kai, kuma a gidajen barade irin Raymond su ke riƙe gida da gona duk lokacin da maza suka tafi yaƙi.