Zancen Iyali: Mace ko Namiji?



Idan mace ta sauka, tambaya ta fari ita ce, "Me aka samu?" Amma wani lokaci ungozoma takan duba ta rasa amsa, gama al'aurar jaririn ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba. Hausawa suna ce wa irin wannan mata-maza. Sau da yawa iyaye sukan ɓoye zancen don kunya, maƙwabta kuwa su ce la'ana ce ko aikin iskoki. To, me Maganar Allah ta koya mana?

Littafi Mai Tsarki yana da labarin babanni, wato mazan da aka dandaƙe, irin waɗanda suka yi hidima a gidajen sarakuna, har a Kano a zamanin dā. A Maimaitawar Shari'a 23:1 an hana irinsu shiga taron jama'ar Ubangiji. Amma ba nan maganar ta tsaya ba. A Irmiya 38, Ebed-melek, wani baba mutumin Kush, shi ne ya roƙi Sarki Zadakiya, ya ciro annabin daga rijiya mai laka sa'ad da manyan gari suka so ya mutu. A Ishaya 56:3-5 kuwa Allah ya yi wa babanni masu riƙe da alkawarinsa albishir na wuri a Haikalinsa, da suna wanda ya fi 'ya'ya.

Yesu kansa, a Matiyu 19:12, ya lasafta babanni iri uku: waɗanda aka haifa haka, waɗanda mutane suka mai da su haka, da waɗanda suka bar aure saboda Mulkin Sama. Ku lura da na farkon. Ubangiji ya sani akwai masu fitowa daga ciki da jiki dabam, bai kuwa ɗora wa kowa laifi ba.

Sa'an nan ku karanta Ayyukan Manzanni 8. Ma'ajin sarauniya Kandakatu, wadda mulkinta yake a ƙasar Sudan ta yau, baba ne. Filibus ya same shi a hanyar Gaza yana karatun Ishaya, ya yi masa bishara. Da suka iso ruwa, mutumin ya tambaya ko akwai abin da zai hana shi baftisma. Filibus bai kawo wani dalili ba, suka shiga ruwa tare.

Saboda haka, iyaye, ga shawara. Ku kai jaririn asibiti nan da nan, gama akwai irin wannan haihuwa da ke sa jikin jariri ya zubar da gishiri, ya mutu cikin makonnin farko, alhali akwai magani. Kada ku bar wanzami ya taɓa shi. Kada kuma hanzarin ranar suna ya sa ku yanke hukunci kafin likitoci su gama gwaji. Yau likitoci da yawa suna ba da shawara a jinkirta fiɗar da ba ta gaggawa ba, har yaron ya girma a ji ta bakinsa.

Ku kuma dattawan ikilisiya da zumuntar mata, ku riƙe asirin gidan nan, ku tsawata wa masu ba'a. Wanda Filibus bai kora ba, wane ne mu da za mu kore shi?

Allah ya ba mu zuciyar Almasihu. Sai wata mai zuwa.