Laifin Ba na Ƙaro Ba Ne

Masu buga hoto da ƙaro da sinadarin daikiromet, da zarar aikinsu ya lalace, sai su ɗora wa ƙaro laifi. Wannan zalunci ne. Ƙaron Sudan ko na Yobe bai taɓa saɓa alkawari ba: inda hasken rana ya same shi yakan ƙafe ya riƙe launi, ruwa ya wanke saura. Mai garaje ne ke cusa launi a shafi guda, haske ya kasa ratsawa, hoton ya ɓamɓare cikin ruwa. Shi ne kuma ke ƙin shafa wa takarda jelatin tun farko, launi ya shige ta, fari ya koma toka-toka. Shafi uku marasa kauri, da jar ƙasa ko baƙin hayaƙi waɗanda ba sa koɗewa, su ne magani. Sauri kan haifi nawa.