Dokar maganin dabbobi garkuwar makiyayi ce

Jama'a da dama, in suka ji an ce dokar kasuwanci, sai su tuna da haraji da shingen hanya. Suna da hujja. Amma mu a ganinmu akwai dokar da makiyayi ya fi kowa bukata, wato wadda ta shafi sayar da maganin dabbobi.

Sa ido a kan kasuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai sarkin kasuwa mai lura da mudu, akwai sarkin pawa mai hana a sayar wa mutane mushe. Dalilin ɗaya ne: mai saye ba ya iya gane komi da idonsa. Makiyayi yana duba haƙoran sa ya san shekarunsa, amma ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar maganin sammore ko na tsutsa.

A shekarun 1990 hukumomin ƙasashenmu sun sakar wa ƴan kasuwa cinikin maganin dabbobi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin waje ya yi tsada. Sai jabu da wanda ya lalace a rana suka cika kasuwannin ƙauye. Maganin da ba shi da ƙarfi ba ya kashe cuta, sai ma ya sa ta saba da shi, har na kirki ya daina yi mata aiki. Mai garke ya yi hasarar kuɗi, ya yi ta saniya.

Saboda haka ne a 2006 ƙungiyar UEMOA, mai ƙasashe 8 har da Nijar, ta kafa doka cewa kada a sayar da maganin dabbobi sai an gwada shi an ba shi izini. Wannan doka tana kare ɗan kasuwa mai gaskiya ma, domin mai jabu kullum ya fi shi araha.

To, amma doka a takarda ba ta warkar da maraƙi. Muna kira ga hukuma ta riƙa aika likitocin dabbobi suna bincike ranar kasuwa, ta kuma kawo magani mai izini kusa da mashaya da burtali. Mu kuma makiyayi, in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu bar sayen allura a kan tabarma don araha.